Kaset ɗin da Malam Fannami ya bari a cikin rikoda

A gafarce ni da na ɗora wa masu karatu nauyin wannan takarda, alhali kowa yana da nasa baƙin cikin. Sau uku ina rubuta ta ina yagewa, kuma na gaji.

Ranar Talata, 13 ga Agusta, 1974, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Fannami mai gyaran rediyo a kasuwar Haɗeja, bayan zazzaɓin kwana uku. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Ni malamin awon ruwan kogi ne. Jita kuwa daga wani ɗan littafi mai shafi ashirin da huɗu na koye ta, wanda na yi odarsa ta gidan waya. Kai, Malam Fannami, ba ka taɓa buɗe littafi a kanta ba. Ka cire wa taka jitar tsirkiya biyu, ka ɗaure sauran huɗun su yi amo irin na garaya. Da na nuna maka shafi na uku, inda aka ce dole su zama shida, sai ka ce, "Malam Shu'ibu, mai littafin nan ya taɓa jin masunta suna jan koma a Kirikasamma? To ka ajiye shi ya huta." Amma ba ka taɓa yi wa yatsuna dariya ba, ko da yake sun cancanta. Da katakon jitata ya tsage, kwana biyu ka rufe shago kana liƙe shi.

Wata biyar muka yi muna tsara waƙar masuntan nan. Shirinmu shi ne ka fara ɗaukar muryarka da kiɗan ƙasa mai kauri a rikodarka, sa'an nan mu kunna ta, in bi da siririn kiɗa, rikodata tana ɗaukar mu duka. Kaset ɗaya ne naka. Sau goma sha bakwai kana kaɗawa, sau goma sha bakwai ina samun aibu, muna gogewa. Na rubuta kowanne da dalilinsa. Yau na duba dalilan, ban ga ko ɗaya da ya kai a goge muryar mutum saboda shi ba.

Na goma sha takwas ranar Juma'a muka ɗauka, bayan la'asar. Zakara ya yi cara a tsakiyar baiti na biyu, na ce a sake. Ka jingine jita a bango, ka ce, "Bar shi, shi ma ɗan gari ne. Kaina na ciwo." Washegari ka kwanta. Nawa kiɗan ban ɗora ba.

Kaset ɗin yana cikin rikodar, rikodar tana ɗakin maiɗakinka Mairam, ita kuma tana takaba, ba ni da fuskar da zan dame ta. Na ji za a fito da kaya don rabon gado. Na san yadda mutanenmu suke gwada rikoda: a danna jan maɓalli, a yi sallama a ciki, a mayar a saurara. Wanda ya yi haka ya shafe ka, bai sani ba. Ga shi kuma ruwa ya ƙaru da inci goma sha ɗaya a ma'aunina cikin mako guda, gidan kuwa yana kwari.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mairam, da 'ya'yanka Bintu da Kulu, da yayanka Alhaji Muhammadu, Allah ya ba su haƙuri. Ga Alhaji Muhammadu, da ladabi, nake roƙon abu uku:

1. Kada kowa ya danna jan maɓallin kafin a cire kaset ɗin.

2. A naɗe shi a busasshen ƙyalle, a sa a saman akwati, nesa da ƙasa.

3. In magada sun yarda, a ara mini shi wuni ɗaya in ɗora nawa kiɗan, sau ɗaya tak, kome ya fito. In ba su yarda ba, na haƙura, a dai adana shi.

Ina jiran amsa a rubuce, ta ofishin awon ruwa, Haɗeja.

Shu'ibu Haladu