Muryar Baba a Rediyon Bas

Tun gashinsa yana baƙi Tsohon Direba yake tuƙa bas ɗin kamfani, har ramukan titi ya san su kamar 'yan uwansa. Mutum ne mai surutu, ba ya ƙarasa labari sai ya sako wani. 'Yarsa ta fari ma shi ya koya mata tuƙi a filin bayan gareji, yana gefenta yana ta faɗa, ita kuwa tana dariya.

Shekarar da kamfani ya rufe layinsa ya sallame shi, a shekarar aka fara ɗaukar mata direbobi, har da 'yar tasa. Ya yi murna, wallahi ya yi. Amma da ya je taron da kamfanin ya kira, ya ɗaga hannu ya tambaya su tsofaffin ina za su sa kansu, sai mai jawabin ta yi murmushi ta ce ai irin tunaninsu ake so a kawar. Aka kwashe da dariya. Dariyar nan ta fi sallamar ci masa rai.

To, sai ga wani ɗan takara mai cewa a mayar da komai yadda yake a da. Shi ya ba shi kujera, ya kira shi Baba, ya miƙa masa makirufo. Mai surutu ya samu masu saurare! Ya buɗe baki ya ce mace a kan sitiyari ai kabari ne mai taya. Aka yi tafi, aka naɗi muryar, rediyo ta dinga maimaita ta safe da rana.

Ɗan takara ya ci zaɓe. Aka sallami matan, shi kuwa Baba ko kiransa ba a yi ba.

Ranar da 'yar ta dawo da kayan aikinta a leda, yana zaune a tsakar gida. Kunya ta hana shi ɗaga kai.

"Sannu da gida, Baba," in ji ta.

"Ke… kin ji abin nan a rediyo?"

"Kullum. Fasinjoji ma suna ji. Wata tsohuwa har ta tambaye ni, wai wannan mutumin ba shi da 'ya ne?"

Da ƙyar ya ce, "Me kika ce mata?"

Ta cire takalmi, ta ajiye ledar a bakin ƙofa.

"Na ce ban san shi ba, Baba."