Sanyin Ƙafar Umaima

A Unguwar Shanu babu wanda bai san Hansai mai gashi ba. Mai jego, mai targaɗe, tsohon da bayansa ya riƙe, duk ita ake aikawa a kira, ta zo da tawul da ruwan zafi da bakinta da ba ya gajiya. Amma yanzu in ta shiga gida, kafin ta gama amsa gaisuwa sai ka ga ta sunkuya ta kama tafin ƙafar duk yaron da ke kusa. Yara har sun mai da abin wasa, suna miƙa mata ƙafa suna dariya. Ita ba ta dariya.

Daga kan 'yarta Umaima abin ya fara. Tana 'yar firamare, ƙofar ƙarfe ta faɗo mata a bayan gwiwa. Aka kawo ta gida, Hansai ta duba, ta juya, ta ce, "Tunda ba jini, da sauƙi." Maƙwabta ma haka suka ce.

Washegari ƙafar ta yi sanyi kamar gindin randa.

"Inna, ba na jin yatsuna," in ji Umaima.

"Sanyi ne ya shige ki, raguwa kawai," in ji Hansai.

Sanyi kuwa ai maganinsa a hannunta yake. Ta dafa ruwa, ta gasa, ta shafa man zafi, ta naɗe da zane. Ƙafar ta ɗumama a hannunta, tana saki ta sake hucewa. Sai ta ƙara wuta.

Sai da yatsun suka fara baƙi aka tafi asibiti. Likita ya ce bugun ya ji wa jijiyar jini ciwo ta ciki, jini ya daskare ya toshe hanya. Jinin da Hansai ta gode wa Allah bai fito ba, ashe a ciki ya tsaya. Aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Umaima ta girma, tana ɗinkin hula, kuma ba ta taɓa ɗora wa uwarta laifi ba. Wannan kuwa ya fi zagi yi wa Hansai ciwo. Sai dai in damina ta sauka, takan ajiye allura ta ce, "Inna, ƙafar nan tana min sanyi." Wadda aka yanke take nufi.

Hansai takan miƙe ta nufi murhu, ta tsaya cak a bakin ƙofa. Sannan ta dawo ta ɗauko bargo, ta lulluɓe wurin da babu komai.