Ranar da Sa'ida Ta Hau Rufi a Lambata

Shekara bakwai Sa'ida ta yi tana share ofishin wani kamfanin haɗa sola a Suleja. Daga Gusau ta zo da mijinta, mai aikin gadi a Abuja, suka kama haya a unguwar Magajiya. Shekarunta arba'in da shida, kuma iyakarta da faifan sola ta goge shi da tsumma.

Wata Litinin mai kamfanin ya ce duk ma'aikacin da ke so za a koya masa sana'ar, har direba, har mai shara. Kafin Sa'ida ta yi shawara da zuciyarta, hannunta ya riga ya tashi sama.

Injiniya Chukwudi aka ba su ya koya musu. Kwana uku kacal suka yi a gaban allo, a na huɗu ya karkaɗe hannu ya ce da Hausarsa ta 'yan kasuwa, "Surutu ya isa. Akwai wata Madam Folasade a Lambata, tana sayar da ƙanƙara, wuta tana ba ta wahala. Ku ne za ku haɗa mata."

"Mu, Injiniya? Aikin gaske?" in ji Sa'ida.

"Na gaske, Mama. Ina bayanku."

Tun daga Diko take murmushi a mota ita kaɗai, kamar wadda aka yi wa albishir. Da suka isa, mazan suka auna rufin shagon, suka zaɓi ɓangaren yamma saboda ya fi faɗi. Sa'ida ta tsaya a ƙasa tana kallon bishiyar mangwaron maƙwabta. Can ta daure ta ce, "Injiniya, nan ba zai yi ba. Da azahar ta gota inuwar bishiyar nan za ta rufe shi."

Femi direba ya yi dariya. "Mama, kin zama mai hasashen yanayi?"

"Shekara talatin ina shanyar kuɓewa da tattasai. Na san inda rana take kwana."

Chukwudi ya sa suka ci gaba da jan waya a ciki. Ƙarfe biyu da rabi ya fito da su waje. Ga inuwa ta cinye rabin wurin da suka zaɓa!

"Mama, hau ki nuna mana," ya ce, ya riƙe mata tsani da kansa.

Ta ɗaure hijabinta a ƙugu, ta yi bismilla, ta hau. Da alli ta zana musu wurin da rana ke daɗewa. Ita ta ɗaure kusoshin faifai na farko. Washegari da aka kunna firiza ya fara gurnani, Madam Folasade ta rungume ta tana guɗa irin tasu, Sa'ida kuwa dariya take yi har da hawaye.

Ba a nan ta ƙware ba. A aiki na uku ta juya wayar batir, fis ya ƙone, Chukwudi ya sa ta gano kuskuren da kanta, ta gyara.

Yanzu wata goma sha huɗu ke nan. Ita kamfanin ke fara turawa duba wuri kafin a ɗauki kaya, kuma mata biyu daga layinsu sun rubuta suna a zagaye na gaba na koyon sana'ar.