Sifikar Tsakiya

Akwai wasu kwana uku a rayuwata da na tabbata ko tsufa ya tafi da hankalina ba zai tafi da su ba. Shekaru sun wuce, amma in na tuna su sai abinci ya fita raina.

Ni tela ne a Shagari, amma a gidanmu injiniya aka ɗauke ni. Fitila ta mutu, a kira ni. Waya ta ƙi caji, a kira ni. Ban taɓa koyon gyaran komai ba, taɓe-taɓe ne da sa'a, sai dai yabon ya shiga kaina ya zauna daram. Don haka da ciwon suga ya rufe idanun Baba, yayanmu da ke aiki a Legas ya aiko masa da kayan sauti don ya riƙa jin rediyo da karatu, ba wanda ya tsaya tambayar wa zai haɗa. Baƙin akwati ne mai maɓallai birjik, da na'urar faifai, da wata ƙatuwar sifika mai gurnani, da ƙanana biyar. Huɗu biyu-biyu suke, ta biyar kuwa doguwa ce a kwance, ba ta da 'yar'uwa. To mu a gidanmu tsaraba ba ta shigowa a ce kawu bai samu ba. Ranar kuwa kawunmu na Danchadi yana nan, sai na ɗauki doguwar na miƙa masa, na ce ai ƙari ce, ya je ya haɗa da rediyonsa. Na jona sauran, na kamo tasha, ɗaki ya ɗauka, kowa ya ce injiniya ya yi aiki.

Bayan damina jikin Baba ya yi tsanani, ya kwanta. Wata safiya ina gyara masa matashi ya riƙo hannuna.

"Kai, faifan bikin ƙanwakka shina nan?"

"Shina nan, Baba."

"Sa mani shi. Muryar innakku ni ka son ji. Ta hwara ɓace mani."

Inna ta rasu shekara huɗu kafin nan, kuma babu inda muryarta ta rage a duniya sai cikin faifan nan, wurin da take yi wa amarya nasiha. Na ce masa an gama, har da murmushina.

Na tayar da janareta, na jona talabijin ɗinmu, wadda hoto kawai take nunawa tun da sifikarta ta ƙone. Kiɗan da mai ɗaukar bidiyo ya ɗora ya fito daga kusurwa huɗu, tar da shi. Sai ga Inna a allo, da lulluɓinta, tana ɗaga yatsa yadda ta saba. Bakinta yana motsi, amma muryar can ƙasa take, kamar mai magana a cikin rijiya. Na ƙara sauti, kiɗa ya cika gida, ita kuwa shiru.

"Ta hwara magana?" in ji Baba.

"Saura kaɗan, Baba."

Ƙarya na yi masa, kuma ita na yi ta maimaitawa har la'asar.

Kashegari ko shago ban buɗe ba. Na ɗora wa faifan laifi, na goge shi da man goge baki, na shanya. Na zare wayoyi na sauya musu rami, ja a fari, fari a ja. Na shiga cikin rubutun Turancin da rimot yake buɗewa, na yi ta dannawa ba tare da na san me nake dannawa ba. Wani lokaci kiɗan ya koma baya, wani lokaci ya yi amsa-kuwwa, muryar dai ba ta fito ba. Ƙanwata, wadda bikin nata ne, ta zo jinya daga Sifawa, tana zaune tana kallona, na jiƙe sharkaf da gumi.

"Yaya, ka kai ma mai gyara Bodinga mana. Ko a aro talabijin ɗin maƙwabta."

"Ni da ni haɗa shi, wa za ya gwada mani shi? Ki bari, yanzu za ya yi."

Wallahi ko yanzu in na tuna amsar nan sai in ji na tsani kaina. Talabijin ɗin maƙwabta katanga ɗaya ce tsakaninmu da ita. Abin da ya hana ni aro shi ne kada a ji cewa injiniya ya kasa.

Da ta ga haka, sai ta matsa kusa da Baba, tana kallon bakin Inna a allo tana faɗa masa abin da take cewa, don ita ta haddace nasihar. Ya saurara kaɗan, sannan ya girgiza kai.

"Maganar na san ta, ɗiyata. Muryar ni ka biɗa."

A rana ta uku Baba bai tambaya ba. Kunu ma cokali biyu ya sha ya kau da kai. Rashin tambayar nan shi ya karya ni. Na naɗe akwatin da na'urar faifan a zane, na ɗaure a bayan babur, na nufi Bodinga da hantsi.

Mai gyaran dattijo ne, na same shi da aiki a gabansa, sai da na jira ya gama. Ya jona kayan da sifikokinsa biyu, ya saurara bai fi minti ɗaya ba.

"Malam, ƙananan guda nawa sunka zo?"

"Biyar."

"Nawa ka jona?"

"Huɗu. Gudar na ba kawuna."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce wadda na kyautar ita ce ta tsakiya, kuma in an sa faifai, akwatin nan raba aiki yake: kiɗa ya tura gefe, maganar mutane ya tura tsakiya. Rediyo ya yi mini lafiya ne don shi ba a raba shi haka. Kwana uku ke nan akwatin yana aika muryar Inna ramin da babu komai a cikinsa. Ya ce ko babu ita ma ai da sauƙi, ya sa yatsa ya danna wani maɓalli guda a gaban akwatin, wanda yake haɗe sautin duka a sifika biyu. Sai ga Inna, sarai, tana cewa, "Ki yi haƙuri da mutane, ɗiyata." A shagon nan, gaban mutanen da ban sani ba, na durƙushe ina kuka. Dattijon ya taya ni ɗaure kayan.

Ban san yadda na tuƙo ba. Na iso bayan azahar, na tarar da ƙanwata a bakin ƙofar ɗaki. Ta ce tun da na fita ya daina amsawa, numfashi kawai yake. Na jona kayan, na danna maɓallin, na jawo sifika ɗaya har gefen kunnensa. Muryar Inna ta cika ɗakin, mata suka taru a ƙofa suna sharar hawaye. Ni fuskarsa nake kallo, ina jiran ko gira ta motsa. Sau biyar na maimaita nasihar, ba abin da ya motsa. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Mutane sun yi ta ba ni haƙuri, wai mai irin wannan kwanciya yana ji, amsawa ce ba ya iyawa. Allah ya sa haka ne. Ni dai abin da na sani, ya roƙe ni abu ɗaya yana da kunnen ji, na riƙe shi kwana biyu da "saura kaɗan". Darasin da na ɗauka ba shi da daɗi: in abu ya fi ƙarfinka, ka ce ban sani ba tun ranar farko, ka tashi ka nemi wanda ya sani, domin wanda yake jiranka ba lalle ya kai rana ta uku ba.