Kofin Ɗan Zango

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama ku karɓi abinku.

Wannan haɗin mangwaro da ake rububinsa a Doha, wasu su ce Indiyawa suka zo da shi, wasu su ce mutanen Labanan. Ni kuwa a hannuna aka haife shi.

Wankan jegon 'yata ya kai ni can. Ban gama shirin komowa ba korona ta rufe sama da ƙasa. Surukina direba ne, yana ɗaukar kayan marmari daga kasuwar Abu Hamour zuwa wani shagon lemo. Da aka rufe shagon, kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya ce khalas, an gama, surukina ya kwashe kayan ya kai gida kada su ruɓe. Ɗakinmu na unguwar Ain Khaled ya cika da ƙamshin mangwaro har yana hawa kai.

A ƙarshen lungun gidan akwai wani mai gadi, ɗan Zango, unguwar Hausawa a Gana, shi kaɗai. Ciwon korona ya kama shi, aka ce ya zauna a ɗaki.

"Inna, ya daina cin abinci," in ji surukina, kansa a ƙasa. "Ya ce komai a bakinsa kamar tsumma."

Majinyacin da ya bar ci, kabari yake leƙe. Na matse mangwaro, na sa citta da tsamiyar da na zo da ita daga gida. Bayan azahar, lokacin da mai jego take barci, surukina kuma ya fita kai wa mutane saƙo, sai in ajiye kofi a bakin ƙofarsa, in yi sallama, in juya. Ban taɓa tsayawa jin amsa ba. Ina ni ina hira da namijin da ba muharramina ba?

Da safe sai in tarar da kofin a wanke. A wurinmu ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam, shi ma ya san haka. Ran farko ganyen na'a-na'a na gani a ciki. Na ce to, abin da yake so ke nan, na ƙara a haɗin. Daga baya baƙin lemun tsami busasshe. Sai ɓawon abarba. Duk abin da ya saka, in ƙara. Raina ya yi fari, na ce bakinsa ya dawo, zai tashi.

Ran nan surukina ya dawo da wuri, ya gan ni da kofi.

"Inna, ina za ku kai?"

"Wa ɗan Zango mana."

Ya ce, "Ai tun kafin azumi motar asibiti ta ɗauke shi. Can ya cika. Mun ɓoye muku ne kada hankalinku ya tashi."

A lokacin an yi sallah har an manta.

Muka tafi mu uku. Rana tsaka, lungun shiru, ba ka jin komai sai kukan na'urar sanyaya ɗakin maƙwabta. Ga kwaɗo a ƙofar. Yashi ya kwanta a dokin ƙofa ba sawun kowa, sai zagayen gindin kofina.

"Wataƙila kyanwa ce," in ji 'yata.

"Kyanwar garin nan har wanke-wanke take yi?"

Abin da ka kawo wa mutum ba ka komawa da shi. Na ajiye, na yi masa addu'a. Washegari kofin yana nan a cike, ko ƙuda bai sauka a kai ba.

Da aka zo ƙwallon duniya, surukina ya koya wa masu shagon haɗin. Na ga baƙi masu fenti a fuska suna layi, suna ta yalla yalla, wai a yi sauri, suna shan abin da ban san wa ya tsara shi ba.

Ɗan Zango a can aka binne shi, danginsa ta waya suka ga kabarin. 'Yata ta matsa sai da suka bar gidan suka koma Umm Salal. Surukina yana nan yana tuƙi, yana kai mangwaro, amma ba ya shan haɗin. Jikana ya yi wayo, yana gudu. Ni na dawo gida, tsufa ya zaunar da ni.