Jirgi Mai Hanci Uku

A Arba wa Nus na girma, unguwar da jiragen sama ke ratsawa ƙasa-ƙasa in za su sauka Alƙahira. Kakarmu, wadda muke kira Habboba irin na mutanen Sudan, ba ta taɓa yarda da murhun gas ba. Bayan magariba takan hau saman bene da murhunta na gawayi, ta ɗora gahawa, mu kuma mu kewaye ta muna ɗumama hannu. Duk jirgin da ya gifta sai ta katse magana ta bi shi da ido har ya ɓace. Mukan yi mata tsiya cewa saurayinta ne matuƙin.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai guda da ba ta buɗe ta da ga ta nan. Sai dai ta ce, "Wannan babu Gizo a ciki, ku gyara zama."

Tana yarinya, iyayenta sun yada zango kusa da Kasala ta ƙasar Sudan a hanyarsu ta Makka, yaƙin Turawa ya tare su a nan. Da an ji rugugi a sama, kowa sai ya ruga cikin kwari. Daga baya suka gane jiragen ba ɗaya ba ne. A nan Habboba takan ɗaga hannuwanta gaban wuta, inuwarsu ta faɗa jikin tankin ruwa. Tafi bisa tafi, mai fiffike hawa biyu ke nan, leƙe kawai yake zuwa. Hannu biyu a miƙe, mai dogon fiffike da farfela ɗaya a goshi, wucewa yake abinsa. Sai ta miƙe yatsu uku, muryarta ta yi ƙasa: mai hanci uku, wato farfela uku, na Taliyan, Turawan Italiya, shi ne mai zubo wuta.

Wata rana da tsakar rana naƙuda ta kama mahaifiyarta, maza duk suna gonar auduga. Aka ji rugugi. Ungozoma ta ce in aka ɗauki matar nan zuwa kwari a wannan hali za a rasa ta a hanya, in kuma aka bar ta ya zama mai hanci uku ne, an rasa kowa. Ta tura Habboba kan dutse ta gano wanne ne. Jirgin yana fitowa ta wajen rana, jikinta duk yana ce mata ta gudu. Ta tsaya har ya matso inda za ta iya ƙirga hancinsa. Ɗaya ne. Ta kwarara ihu cewa ba shi ba ne, aka bar uwarta a kan tabarma, kafin la'asar aka haifi ƙanenta.

"Idona ya yi ta zubar da ruwa," in ji ta, "amma ban rufe shi ba."

A lokacin na ɗauka labarin tsofaffin jirage ne kawai, irin waɗanda yanzu sai a gidan tarihi. Habboba ta rasu, na koma unguwar Madinat Nasr da aiki, na manta da inuwar yatsunta.

Sai da yaƙi ya koro yayata daga Omdurman ta Sudan, inda take zaune, da 'yarta Nafisa. Yarinyar ba ta kai takwas ba. Da ta ji jirgi sai ta shige ƙarƙashin gado, ta ƙi ci, ta ƙi magana, a nan kuwa jirgi ba ya yankewa. Muna kallo tana ramewa, tsoro ya kama ni sosai.

Wata yamma na sayi gawayi, na hau da Nafisa saman bene, na yi mata hannuwan Habboba a jikin bango. Labarin bai ƙare ba aka ji rugugi. Ta ƙanƙame rigata za ta gudu. Na ce ta duba sau ɗaya tak, ta gaya mini me ke jere a gefensa. Ta ɗaga kai da ƙyar, ta ce tagogi. Na ce to, mai tagogi mutane ya ɗauko, da akwatunansu da 'ya'yansu.

Ta bi shi da ido har ya ɓace bayan benaye, kamar yadda Habboba ke yi. A nan na gane tsohuwar nan har ta mutu ba ta sauko daga kan dutsen ba, ƙirga mana hanci take yi.

"Kawu," in ji Nafisa, "wanda ya zo gidanmu ba shi da taga."

Wani jirgin ya taso daga gabas, ta saki rigata, ta miƙe tsaye tana neman tagoginsa.