Allon da Ya Raba Ni da Limanci

Assalamu alaikum. A shekarun da aka fara shari'a a jiharmu, ni ne limamin wani ƙaramin masallaci a ƙauyenmu, kusa da Sandamu. Ban taɓa zama a ajin boko ba, da ajami nake rubutuna har yau.

Autata tana aji shida a lokacin, tana shirin jarrabawar shiga sakandare. Wata rana ta dawo tana kuka, ta ce malaminsu ya ce da wuya ta ci, saboda wasu kalmomin Turanci da kunne ke jinsu iri ɗaya amma rubutunsu da ma'anarsu daban, kamar yadda suke kiran rana da ɗa, ko teku da gani. Na ce ta share hawayenta, mu ma mun sha irin wannan a hadda. Ayoyi masu kama da juna ba sa zama a kai sai an rubuta, an wanke, an sake rubutawa. Ranar kasuwar Mai'adua na sayo sabon allo wanda ba a taɓa ɗora wa aya ba. Bayan la'asar sai mu zauna a zaure, ita ta rubuta Turancin da tawada, ta faɗa mini ma'anar, ni in sa ta a ƙasa da ajami.

Ladaninmu ne ya shigo ya gan mu. Kafin isha'i zance ya zaga gari cewa liman yana rubuta yaren nasara a allon Alƙur'ani, wasu har suka ƙara da cewa ina wankewa in ba yarinya ta sha. Dattawa suka kira ni ƙofar mai gari. Babbansu, wanda nake ce wa Baba, ya ce in ƙona allon a gabansu, in nemi gafara, magana ta mutu. Na ce su kawo mini aya ko hadisin da ya hana, zan ƙona har da alƙalamin. Wani ya ce ai ba a taɓa yi ba. Na ce masa babur ɗin da ya hau ya zo, kakansa ma bai taɓa hawa ba. Ba wanda ya yi dariya. Washegari da asuba na tarar an sa wani a gaba. Na shiga sahu na bi shi salla.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yarinyar ta ɗauka ita ta jawo. Ta ɓoye allon a rumbu, ta ce ta fasa karatun. Na ciro shi na miƙa mata tawada. Da ikon Allah ta ci jarrabawar. Limanci bai dawo ba, ban kuma nema ba.

Na koyi cewa jama'a kan rikita abin da suka saba da abin da Allah Ya ce. Iyaye, in an zo muku da hujja ku sunkuyar da kai. In kuwa surutu ne kawai, kada ku ƙona makomar ɗanku don a ce muku mutanen kirki.